Shekara takwas ana fitar da strlcpy daga kanel ɗin Linux

A watan Janairun 2024 Kees Cook, ɗaya daga cikin masu kula da tsaron kanel ɗin Linux, ya tura wa Linus Torvalds, jagoran Linux, wani ɗan faci, wato gyaran kod, wanda kusan duk aikinsa gogewa ne. Abin da ya goge shi ne strlcpy, wani gajeren fankshin da ba ya yin komai sai kwafar rubutu daga wani gurbi na memori zuwa wani. Da aka saki Linux 6.8 ranar 10 ga Maris na shekarar, babu shi a ciki. Magajinsa kuwa, strscpy, tun ƙarshen 2015 ya shiga kanel, a sigar 4.3. Ke nan sama da shekara takwas aka ɗauka kafin a gama sauya fankshin ɗaya da wani, alhali bambancin sunayensu harafi ɗaya ne tak, kuma kowane ɗan koyo ya san umarnin da zai canza harafin a duk fayilolin cikin minti guda. Me ya hana a yi hakan?

Kanel dai shi ne zuciyar tsarin kwamfuta, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura. Na Linux shi ne a cikin kowace wayar Android da mafi yawan sabobin intanet, kuma kusan dukkansa da yaren C aka rubuta shi. A yaren C rubutu ba ya ɗauke da bayanin tsawonsa. Jerin bayit ne kawai, sai a sa sifili ɗaya a ƙarshe ya zama alamar tsayawa. Duk mai karantawa zai yi ta tafiya har ya ci karo da sifilin. In babu shi, zai wuce ya shiga memorin da ba nasa ba. Mai rubutawa ma haka, ba wanda zai tare shi in ya zarce iyakar gurbin da aka ware masa. Daga nan rikicin ya samo asali, kuma tsohon rikici ne. Tsutsar Morris, manhaja mai yaɗa kanta da ta tayar da hankalin intanet a Nuwamban 1988, ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce fankshin ɗin gets, wanda yake zuba duk abin da aka turo a gurbi ba tare da duba girmansa ba.

A ɗauki gurbi mai bayit 8, a ce za a kwafa sunan Abdullahi a ciki, mai harafi 9. Tsohon strcpy zai rubuta bayit 10, haruffa tara da sifili, biyu su faɗa kan abin da ke maƙwabtaka da gurbin. In abin da ke wajen adireshin da manhaja za ta koma ne, to wanda ya zaɓi sunan shi ya zaɓi inda za ta nufa. Shi kuwa strncpy, in an ba shi iyakar 8, zai rubuta Abdullah ya tsaya cak, babu sifili. Bai zarce ba, amma ya bar tarko ga duk wanda zai karanta daga baya. Sai strlcpy: zai rubuta Abdulla, ya rufe da sifili, ya dawo da lamba 9, wato tsawon abin da aka so kwafa. Shi kuma strscpy rubutunsa iri ɗaya ne da na strlcpy, Abdulla da sifili, amma abin da yake dawo da shi alamar kuskure ce, -E2BIG, wadda ƙimarta -7 ce. Duk shekarun nan takwas a kan wannan ɗan bambanci na ƙarshe suka tafi.

Yadda magani ya koma ciwo

Shi strlcpy ba bara-gurbi ba ne tun asali, gyara aka kawo shi ya yi. Todd Miller da Theo de Raadt na OpenBSD ne suka ƙirƙiro shi a 1998, suka gabatar da shi a taron USENIX na 1999, don mutane su huta da tarkon strncpy. Kullum yana rufewa da sifili, ba ya zarce iyaka, kuma mai kira zai gane an guntule rubutu in lambar da ta dawo ta kai girman gurbin ko ta fi. Tsare-tsaren BSD da Solaris da macOS duk suka ɗauka. Ulrich Drepper, mai riƙe da glibc, tarin fankshin ɗin C da manhajojin Linux ke dogaro da shi, a wancan zamani, ya ƙi karɓarsa a 2000, da hujjar cewa guntule rubutu a ɓoye rufe laifi ne, ba gyara shi ba. Kanel ɗin Linux kuwa ya rubuta nasa a 2003, ya bazu cikin direbobi (kod ɗin da ke sarrafa na'urori) da tsarin fayil da sashen sadarwa.

Illarsa tana cikin wannan lamba da yake dawo da ita. Kafin ya ce maka tsawon rubutun 9 ne, dole ya bi rubutun har ƙarshe ya ƙirga. Ko da bayit 8 kake so, in abin da aka miƙo masa ya kai bayit dubu ɗari, sai ya karance su kaf. In kuma babu sifili a ƙarshensa, ƙirgar ba ta da matsaya har sai ta faɗa shafin memorin da ba a buɗe ba. A manhaja ta yau da kullum wannan faɗuwar manhaja ɗaya ce. A kanel na'urar ce gaba ɗaya take iya tsayawa. Kuma rubutun da kanel ke karɓa ba daga hannun aminai yake zuwa ba: daga manhajar da ba a san mai ita ba, daga fakitin da ya shigo ta waya, daga filashin da wani ya soka a jikin kwamfuta. Kowanne cikinsu zai iya cire sifilin da gangan.

Akwai ta biyu. Na kanel yana ƙirga tsawo tukuna, sannan ya dawo ya kwafa. Tsakanin ƙirgar da kwafar wani sashe na firosesa zai iya canza rubutun, sai a tashi da abin da bai dace da lambar da aka dawo da ita ba. Ta uku kuwa ita ce wadda ta fi cin mutane, domin a hannun masu rubuta kod take faruwa. Mutum yana haɗa guntayen rubutu a gurbi ɗaya, sai ya rubuta:

len += strlcpy(buf + len, src, size - len);

A ransa len shi ne adadin abin da aka rubuta zuwa yanzu. Muddin akwai wuri, haka ne. Ranar da wuri ya ƙare, len zai haura size, wato girman gurbin, domin lambar da aka ƙara masa ta abin da aka so rubutawa ce. A zagaye na gaba size - len ya kamata ya zama ƙasa da sifili, amma irin lambar da ake auna girma da ita ba ta san ƙasa da sifili ba, sai ta juye ta zama wata ƙatuwar lamba. Iyaka ta tashi ke nan. Fankshin ɗin da aka kawo don hana ambaliya shi ne ya buɗe mata hanya, kuma a layin da in ka kalle shi ba za ka ga aibunsa ba.

Chris Metcalf, wanda a lokacin yake kula da sashen firosesocin Tile a kanel, shi ya rubuta strscpy don ya toshe waɗannan ramuka. Ba ya karanta fiye da iyakar da aka ba shi. Karatu da rubutu a tafiya ɗaya yake yinsu. In komai ya shiga, ya dawo da adadin haruffan da ya kwafa, in bai shiga ba ya dawo da -E2BIG, irin alamar da masu kanel suka saba dubawa a ko'ina. Don sauri, bayit takwas-takwas yake ɗauka a na'urori masu bit 64, dabarar da daga baya ta sa KASAN, mai sa ido kan karatun memori, ya riƙa ƙararrawar ƙarya har sai da aka yi masa gyara na musamman.

Torvalds ya karɓa, amma da jan ƙafa, kuma ya rubuta dalilinsa a bayanin shigar da facin. Ya ce ba fankshin ɗin yake tsoro ba. Abin da ya sha gani shi ne duk lokacin da aka kawo sabon abu mai kyau, sai mutane su taso da jerin faci marasa iyaka suna sauya tsoho da sabo, ba wanda yake karanta su da kyau saboda sun yi kama da juna, ba wanda yake gwada su, sai wani ya yi ɗan kuskure ya lalata abin da dā lafiyarsa ƙalau. Ya ce a yi amfani da shi inda ya dace, a bar taɓa abin da ba a san ya lalace ba.

A ganina wannan gargaɗi daidai ne, kuma ga inda gaskiyarsa take. Wanda ya san aikinsa da strlcpy haka yake duba ko an guntule:

if (strlcpy(dst, src, size) >= size)

A canza harafi ɗaya ya koma strscpy a bar sauran yadda yake. Yanzu in an guntule -7 ce ke dawowa. In size irin lambar nan ce da ba ta san ƙasa da sifili ba, C zai mayar da -7 ƙatuwar lamba, binciken ya yi aiki bisa sa'a. In kuwa int ce ta gama-gari, -7 ba ta kai size ba, binciken ya mutu murus, kuma kwamfaila, mai juya kod zuwa yaren na'ura, ba zai ce uffan ba. Layi iri ɗaya, a wannan fayil ya tsira, a wancan ya zama rami. A misalin len kuma, sauyin makanta zai sa a ƙara wa len -7, adireshin rubutu ya ja da baya ya taka abin da aka riga aka rubuta. Ba yadda za a yi a san wanne ne wanne sai an buɗe wurin an karanta.

Yadda aka yi aikin

Shekarun farko kusan ba abin da ya motsa, tsoho da sabo suna zaune tare. A 2018 aka ƙara wani shafi a takardun kanel mai suna deprecated.rst, inda aka jera abubuwan da ba a so a ƙara amfani da su da dalilin kowanne, har da strcpy da strncpy da strlcpy. Daga baya aka koya wa checkpatch, manhajar da ke duba faci kafin a tura, ta riƙa gargaɗi in ta ga strlcpy a sabon kod. Wannan ya rage shigowar sababbi, amma gargaɗi ba hani ba ne, mai gaggawa yakan tsallake.

Dabarar da ta buɗe hanya ita ce raba wuraren gida biyu. Mafi yawan masu kiran strlcpy ba sa ma duba abin da ya dawo. A irin waɗannan wurare sauyin ba shi da haɗari, domin abin da ake rubutawa a gurbi bai canza ba. Akwai kuma kayan aikin da zai iya tantance su: Coccinelle, wanda Julia Lawall da abokan aikinta a Faransa suka gina. Shi ba haruffa yake nema ba, ginin kod yake karantawa, don haka za a iya ce masa ya canza kiran da aka yi watsi da sakamakonsa kawai, ya ƙyale sauran. A Agustan 2022 Wolfram Sang, mai kula da sashen I2C, ya yi amfani da shi ya fitar da jerin faci da suka ratsa kanel, kowane sashe da nasa, kowanne ɗauke da bayanin cewa sauyin ɗaya-da-ɗaya ne tunda ba a amfani da abin da ya dawo. Abin lura, a lokacin shi kansa Torvalds ya riga ya nuna strscpy ake so, kuma maganarsa facin suka kafa hujja da ita. Wannan sauyin taro ne, irin wanda ya yi gargaɗi a kai, sai dai an yi masa shinge ta yadda kuskuren da yake tsoro ba shi da ƙofar shiga.

Ragowar su ne masu cin rai, kuma su suka cinye 2023. Masu aiki ƙarƙashin shirin kare kai na kanel, KSPP, wanda Cook ya assasa a 2015, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri sai an tambaya: me mai kod ɗin yake nufi da lambar nan? Wani guntulewa yake dubawa, sai a mayar da sharaɗin ya koma duba ko lambar ƙasa da sifili take. Wani tsawon yake so ya miƙa wa na sama da shi, sai an bi sarƙar an ga ko na saman zai iya ɗaukar alamar kuskure. Wani wurin ma da aka duba sai aka ga ba strscpy ya dace ba, sashen yana da nasa kayan aikin, kamar sysfs_emit na fayilolin sysfs. Sannan kowane faci sai ya bi ta hannun mai kula da sashensa, kuma masu kula da sassan kanel suna da yawan gaske, wani ya amsa a yini ɗaya, wani sai an sake turawa an sake turawa.

Ana cikin sharar nan sababbi ba su daina ɓullowa ba. Mai amfani da strlcpy na ƙarshe da aka cire ba wani tsohon direban da aka manta da shi ba ne, bcachefs ne, tsarin fayil ɗin da bai daɗe da shiga kanel ba, a sigar 6.7. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa gogewar ta zama dole. Muddin fankshin yana nan, wani zai kira shi. Ranar da aka goge shi, aikin tsaro ya tashi daga wuyan mai duba faci ya koma kan kwamfaila, wanda ba ya gajiya kuma ba ya jin kunyar kowa.

Wani abin dariya shi ne, a daidai lokacin da kanel ke kora, glibc buɗe ƙofa ya yi. Sigar 2.38 ta tsakiyar 2023 ta shigar da strlcpy bayan ƙi na fiye da shekara ashirin, ƙa'idar POSIX ta 2024, wadda tsare-tsare irin na Unix ke bi, ma ta amince da shi. Ba na ganin saɓani a nan. Manhajoji da yawa sun daɗe suna rubuta nasu strlcpy, wasu da kurakurai, gara a ba su guda ɗaya ingantacce. Kanel kuwa yanayinsa daban, abokin gaba ne ke miƙo masa rubutu. Ko a cikin rumbun Linux ɗin, manhajojin da ke babban fayil na tools, irin su perf, sun ci gaba da riƙe nasu kwafin, tunda ba a cikin kanel suke gudana ba.

Na strncpy ya fi wuya

In strlcpy ya ba da wahala, strncpy ya ninka, domin shi ba don rubutu mai sifili aka yi shi ba tun farko. A tsohon Unix na shekarun 1970 kowane sunan fayil gurbin bayit 14 yake da shi. Kamar fom ɗin banki ne mai akwatunan rubuta suna: in sunanka ya cika akwatunan, shi ke nan, ba a buƙatar alamar ƙarshe, in bai cika ba a bar sauran fanko. Aikin strncpy ke nan, ya cika akwatuna, ragowar ya zuba musu sifili. Mutane suka ga n a sunansa suka ɗauka strcpy ne mai iyaka.

Saboda haka duk inda aka ga strncpy a kanel, niyya uku ce za ta iya kasancewa a bayansa, kuma kod ɗin ba ya faɗa. Wataƙila rubutu mai sifili ake so, sai a sa strscpy. Wataƙila ana son sifilin da kuma share ragowar gurbin. A koma gurbin nan mai bayit 8, a kwafa Musa: strncpy zai rubuta haruffa huɗu da sifili huɗu, strscpy kuwa haruffa huɗu da sifili ɗaya, bayit ukun da suka rage za su iya zama da duk abin da ke cikinsu a dā. In gurbin nan za a miƙa wa manhajar waje ko a tura shi ta waya, to an tsiyayar da guntun memorin kanel, wanda zai iya zama ɓangaren adireshi ko na makulli. Don wannan aka kawo strscpy_pad a 2019. Niyya ta uku ita ce ainihin akwatunan fom, inda sa sifili ma ɓarna ne. A ƙa'idar SCSI, ta haɗa na'urorin ajiya da kwamfuta, sunan kamfanin da ya ƙera na'ura bayit 8 ne cif, sunan na'urar 16, kuma da tazara ake cike gurbin, ba da sifili ba. A sa strscpy a nan, sunan da ya cika takwas zai rasa harafinsa na ƙarshe. Irin waɗannan gurabe yanzu ana yi musu lamba da __nonstring don kwamfaila ya san ba rubutu mai sifili ba ne, a kwafa da strtomem ko strtomem_pad, a karanto da memtostr. Fankshin ɗaya ya rabu gida-gida, kowane suna yana faɗin niyyar mai shi.

A sigar 6.9 aka ƙara wa strscpy wani sauƙi: in girman gurbin sananne ne lokacin haɗa kod, ba sai an rubuta shi ba, kwamfaila zai ɗauko da kansa. Wannan ya kashe wani tsohon kuskure, inda mutum zai auna girman manuni, wato adireshin gurbi, a maimakon girman gurbin da yake nunawa, ya sami 8 ko yaya gurbin yake. In aka ba sabon salon manuni, kod ɗin ba zai haɗu ba sam.

Waɗanda suka ji zafin gogewar su ne masu direbobin da ke wajen babban rumbu, waɗanda ba wanda ya bi ya gyara musu. Ubuntu 24.04 ya fito a Afrilun 2024 da kanel 6.8, mutane da dama suka sabunta kwamfutocinsu, sai direban da suka ɗora da hannu, na ɗan Wi-Fi ɗin USB ko na kyamara, ya ƙi haɗuwa da saƙon cewa ba a san wani abu mai suna strlcpy ba. Gyaran da ya fi saurin zuwa hannu shi ne canza harafin nan ɗaya a duk fayilolin. Inda aka yi watsi da abin da fankshin ya dawo da shi, hakan ya wadatar. Inda layin ya fara da len ko da if, direban zai haɗu, ya kuma yi aiki lafiya har ranar da aka miƙo masa sunan da ya fi gurbinsa tsawo.